Yaushe Ake Sakin Dodo? Talla da Lokacin Fitar da Wasannin Bidiyo na Ban Tsoro, Daga Osaka Zuwa Kafanchan

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin ranakun da kamfanin Capcom ya fitar da jerin wasanninsa na Resident Evil tun daga 1996, ta gwada su da na wasu wasannin ban tsoro, sannan ta ɗora su a kan kalandar da mutanen Kafanchan da kudancin Kaduna ke rayuwa a kai. Abin da ta tarar shi ne, masu wannan sana'a aljihun mai saye da sarari a kasuwa suke bi wajen tsayar da rana, kuma a ƙasarmu akwai abu na uku da ya fi waɗannan nauyi: kwanciyar hankalin da mutum ke buƙata kafin ya iya biyan kuɗi a tsorata shi.

Gabatarwa



Zan fara da wani shago da nake yawan zama a cikinsa a Kafanchan, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Ɗaki ne guda, talabijin uku a jikin bango, benci biyu, da ƙaramin janareta a bakin ƙofa an ɗaure shi da sarƙa. Daga hantsi har magariba ƙwallo ake bugawa a duka ukun, wanda aka ci ya biya ya tashi. Sai dare ya yi, ƙananan yara sun watse, sannan wani zai ce wa mai shago, "Oga, sa mana na aljanun nan." Resident Evil 4 yake nufi, kodayake babu aljani ko ɗaya a cikinsa. Mutum ɗaya ne zai riƙe pad, amma benci biyun nan cika suke yi, har da na tsaye a taga. A kashe ƙwan fitila. Mai bugawa ya biya kuɗin awa, sauran kuma su biya da maƙogwaro: "Bayanka! Bayanka!" "Kai, harsashi ya ƙare, ka gudu mana!"

Wannan benci shi ne kasuwar wasan ban tsoro a garinmu. Capcom, da ke birnin Osaka na Japan, bai san da zamansa ba, kuma bai taɓa tsayar da rana domin sa ba. Tambayar maƙalar ke nan: me kamfani irin wannan ke dubawa kafin ya ce ga ranar da zai saki dodonsa, kuma in wani ɗan ƙasar nan ya tashi ƙera nasa jerin wasan domin wannan benci, wanne zai ɗauka daga dabarunsu, wanne zai bar musu? Na dogara ne da ranakun da kamfanonin suka sanar da kansu, da kuma abin da idona ya gani a zaman gidajen gem.

Abin da ranakun ke faɗa

Duk wanda ka tambaya yaushe ya kamata a fitar da wasan tsoro, in dai ya san al'adun Turawa, zai ce maka dab da Halowin, bikin fatalwa da ake yi ranar 31 ga Oktoba a Amurka da wasu ƙasashen Turai. Ranakun Capcom ba su yarda da wannan zato ba. Resident Evil na farko, wanda Shinji Mikami ya ja ragamarsa, ya fito ranar 22 ga Maris 1996. Na biyu a Janairun 1998, na huɗu a Janairun 2005, na biyar a Maris ɗin 2009. Na bakwai ranar 24 ga Janairu 2017. Da aka sake ƙera na biyu, 25 ga Janairu 2019 aka sake shi. Sabon ƙirar na uku 3 ga Afrilu 2020. Mai suna Village ranar 7 ga Mayu 2021. Sabon ƙirar na huɗu 24 ga Maris 2023, wanda kamfanin ya ce ya haura kwafi miliyan uku cikin kwana biyu. Requiem kuma 27 ga Fabrairu 2026 aka tsayar masa. Na shida ne ya fito a farkon Oktoban 2012, kuma shi ne wanda masoya jerin suka fi yi wa ƙorafin ya bar tsoro ya koma harbe-harbe.

Dalili biyu nake gani a fili. Daga ƙarshen Satumba zuwa Disamba kasuwar gem ta manyan dawa ce: ƙwallon FIFA, da yanzu ake kira EA Sports FC, yana fitowa a ƙarshen Satumba, Call of Duty a Oktoba ko Nuwamba, duk suna farautar kuɗin Kirsimeti. Wasan tsoro ba kowa ke sonsa ba, in ya kutsa wannan cunkoso muryarsa ɓacewa take. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, tsagar kuwa Janairu zuwa Maris ce, lokacin da mutane suka riga suka sami sababbin na'urori a bikin ƙarshen shekara, suna neman abin da za su sa a ciki, ga sanyi da dogon dare sun tsare su a gida. Dalili na biyu na ofis ne: shekarar lissafin kuɗin Capcom tana rufewa ranar 31 ga Maris. Wasan da ya fito a Janairu ko Maris, cinikinsa na farko, wanda shi ne mafi kauri, yana faɗawa cikin littafin shekarar kafin a kai wa masu hannun jari.

Ba ina cewa Oktoba haramun ba ce. Konami ya fitar da sabon ƙirar Silent Hill 2 ranar 8 ga Oktoba 2024, ya kuma sayar da miliyan guda cikin 'yan kwanaki, amma da suna ya shigo, sunan da mutane ke begensa tun 2001. Remedy na ƙasar Finlan kuwa sai da ya ɗaga Alan Wake 2 daga 17 zuwa 27 ga Oktoban 2023, domin a ranar 20 ga watan Spider-Man 2 da sabon Super Mario za su fito tare. Kwana goma kacal, amma kauce wa hanya ne don kada a take shi.

Akwai kuma tazara tsakanin wasa da wasa. Tun 2017 Capcom ke jera su kamar yadda manomin citta a Kachia ko Kwoi ke yi wa gonarsa: ba ya maimaita citta a fili ɗaya shekara bayan shekara, sai ya sa wani abu ƙasa ta huta. Sabo a 2017, tsofaffi biyu da aka sabunta a 2019 da 2020, sabo a 2021, tsoho a 2023. Sabon labari yana jawo baƙi, tsohon da aka wanke yana riƙe waɗanda suka girma da shi, sunan kuma ba ya barin bakin mutane. Scott Cawthon ya bi wata hanyar dabam da Five Nights at Freddy's: na farko a Agustan 2014, na biyu a Nuwamba, na uku a Maris ɗin 2015, na huɗu a Yuli. Huɗu cikin shekara guda, mutum ɗaya. Na huɗun ma Halowin ya fara sanya masa, da ya gama sai ya sake shi wata uku kafin ranar. Abin da ya ɗaga shi masu bugawa ne a YouTube, irin su Markiplier, suna zabura suna ihu, miliyoyi na kallo. Wato benci ne dai irin namu, sai dai nasu ya kai faɗin duniya.

Ɗanɗano

Mai tsire ba ya doguwar magana, yankan ɗanɗano yake ya miƙo maka a bakin wuƙa. Tallar wasan tsoro da ta fi ci ita ma haka take. Ranar 12 ga Agusta 2014 wani ɗan wasa kyauta mai suna P.T. ya bayyana a shagon intanet na PlayStation, da sunan wani kamfani da babu shi. Lungu ɗaya ne na cikin gida, kana bi kana dawowa inda ka fara, kowane zagaye wani abu ya canza: rediyo na magana, ƙofar banɗaki ta buɗe da kanta. Sai wanda ya kai ƙarshe ya gane talla ce ta sabon Silent Hills na Hideo Kojima da Guillermo del Toro. A Afrilun 2015 aka soke aikin, aka cire ɗanɗanon daga shagon. Har yau ana maganarsa, tsiren kuwa ba a taɓa gasa shi ba, kuma wannan asara ce da ya kamata mai talla ya riƙa tunawa kafin ya yi alkawarin abin da bai riƙe a hannu ba.

Capcom ya ɗauki darasin. A Yunin 2016, a daren da ya sanar da Resident Evil na bakwai, ya saki ɗanɗanonsa, ya bar wani yatsan roba a ciki da ba a san amfaninsa ba, mutane suka yi watanni suna gardama a kai. A Janairun 2019, kafin sabon ƙirar na biyu, ya ba da na minti talatin, sau ɗaya tak, in lokacinka ya cika an rufe. A 2021 kuma wata doguwar mata, Lady Dimitrescu, mai tsawon mita 2.9, ita ta ɗauki tallar Village a ka, alhali yanki ɗaya kawai na wasan take ciki. A duk waɗannan ba a nuna dodo gaba ɗaya ba. Kakanninmu sun riga kowa sanin wannan. A ƙasar Atyap da Bajju, dodon da ake kira Abwoi muryarsa ake ji da dare, mata da yara ba sa ganinsa, ƙarfinsa kuma a rashin ganin yake. Tatsuniya ma da lokacinta: da dare, an fi yin ta da rani bayan an kai amfanin gona gida, har da camfin da ke hana yin ta da rana.

Kalandar da Osaka ba ta gani

Mu ɗauki 24 ga Maris 2023 mu ajiye ta a Kafanchan. Rana ta biyu ce ta azumin Ramadan. Kiristoci na tsakiyar azuminsu na kwana arba'in, Ista sai 9 ga Afrilu. Kwana shida ke nan da zaɓen gwamnoni na 18 ga Maris, ga ƙarancin takardun naira da ya biyo bayan canjin kuɗi bai gama sakin mutane ba. Ranar da ta yi wa Capcom daidai ta kowace fuska, a garinmu da wuya a zaɓi wadda ta fi ta muni. Ita ma 27 ga Fabrairu 2026 cikin azumin biyu ta faɗo. A garin da masallaci da coci ke kallon juna, mai tallar aljanu ko fatalwa a irin waɗannan makonni da iyaye zai yi faɗa, kuma su za su ci.

Farashi ma wani bango ne. Sabon babban wasa dala 60 zuwa 70 ne. Bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira a watan da ya biyo, a 2024 dala 70 ta haura naira dubu 100, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a shekarar kuwa dubu 70 ne. Shi ya sa "ranar fitowa" a wurinmu ma'anarta dabam: ranar da wasan ya iso hannun mai tura gem da fina-finai a kasuwa, ya hau faifan mai shago, ko ya bi Xender daga waya zuwa waya. Tsakanin ranar Osaka da wannan rana, a kan yi shekaru. Wasan tsoron da na fi gani a wayoyin yaranmu Granny ne, na 2017: tsohuwa mai jin motsi kaɗan, kwana biyar ka tsere daga gidanta. Ba ya cin wuri, ba ya neman data in an sauke shi, yaro ya miƙa wa yaro.

To yaushe kuɗi da lokaci ke haɗuwa a kudancin Kaduna? Amsar da ta fi ƙarfi Disamba ce zuwa makon farko na Janairu. An haƙe citta, an fara yanka ana shanyawa, dillalai sun shigo Kachia da Jaba da Kagarko, kuɗi na yawo. 'Yan Abuja da Kaduna da Jos da Legas sun dawo gida Kirsimeti da sababbin wayoyi. An yi hutun makaranta. Ranar 1 ga Janairu jama'a na tururuwa Kagoro bikin Afan. Hunturu ya sauko, hazo ya rufe duwatsu, dare ya yi sanyi, babu ruwan sama da zai kayar da turakun wuta. Masu fim na Legas sun daɗe da gane Disamba: sabon Nneka the Pretty Serpent a Disamban 2020 ya fito, A Tribe Called Judah na Funke Akindele kuma, da ya fito a Disamban 2023, shi ne fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a silima. Watan da Capcom ke gudu shi ne namu, domin manyan dawan da yake tsoro ba su da rumfa a kasuwarmu. Amma wannan taga da gona take ɗaure. A 2023 cutar da ta afka wa citta ta cinye gonaki birjik, Disambar shekarar kuwa duk mai sayar da abin nishaɗi a yankin ya ji a jikinsa.

Bayan Disamba akwai ƙananan tagogi: makon Ista, lokacin bikin Tuk-Ham a Kwoi, da Sallah ƙarama da babba, waɗanda Kannywood ta saba fitar da manyan fina-finanta a cikinsu. Sallah tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, don haka sai an sake lissafi duk shekara. Afrilu zuwa Yuli a bar wa JAMB da WAEC da NECO da shuka. Ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da makarantar koyon aikin jinya su ne masu yaɗa duk wani sabon abu na waya. Makon da suka dawo zango ya fi kowane allon talla.

Tsoron wasa da tsoron gaske

Nan ne maganar ta fi yi mini nauyi. Wani dare a shagon da na ambata, aka fara Resident Evil 4 daga farko. Masu sani sun san wurin: jarumin wasan, Leon, ya shiga wani ƙauye a Sifen, gawar ɗan sanda na ci da wuta a tsakiyar fili, mutanen ƙauyen suka juyo kansa da lauje da gatari, suna fasa ƙofa, suna hawowa ta taga, har sai ƙararrawar coci ta kaɗa suka watse. Benci na ta ihu da dariya. Wani saurayi da ke gefena bai ce uffan ba. Da aka fara fasa ƙofar sai ya sa takalminsa, ya fita, ya tsaya kusa da janareta yana kallon titi. Mai shago ya sunkuyo ya ce da ni a hankali, "Malam, daga ƙauye suka dawo, an shiga musu da dare." Ya miƙa hannu ya canza faifan zuwa ƙwallo. Babu wanda ya yi gardama.

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya haifa, tun da layin dogo ya ratsa nan a 1927 ya tara kabilu daga ko'ina, kuma gari ne da ya san rikicin Maris 1987 da na bayan zaɓen 2011. A Disamban 2016, ana shirin Kirsimeti, gwamnatin jiha ta sa dokar hana fita ta awa 24 a ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf, manyan makarantun yankin kuma suka yi watanni a rufe. Tagar da na kira mafi kyau, a wannan shekarar rufe ta aka yi ruf. Wasan tsoro yana aiki ne saboda mai bugawa ya san in ya ajiye pad zai taka zuwa gida lafiya. Inda wannan tabbaci ya raunana, abin da ake sayarwa ya daina zama nishaɗi, ya koma fama miki. Babu wani jadawalin kasuwa na Osaka ko Amurka da ke da gurbin wannan, mu kuwa dole ya zama layin farko a namu.

Capcom ma ya taɓa tuntuɓe a kusa da nan. Tallar Resident Evil 5 ta 2007, da ta nuna Bature yana harbin baƙaƙen fata a wani garin Afirka na ƙirƙira, ta jawo suka mai zafi, domin hoton ya taɓo tarihin da masu ƙera shi ba su auna ba. A yankinmu kuskure irin wannan ya fi kusa, ya fi tsada. Dodon da ya sa tufafin wata kabila, ko ya yi magana da harshenta, ko ya fito daga ɗakin ibadar wani, ba a wasa zai tsaya ba. Shi ma Abwoi, da na kawo misalinsa, abu ne mai masu shi. Darasin ɓoyewarsa za a ɗauka, shi kansa sai da izinin dattawan da ke riƙe da shi.

In ɗan gida zai gwada

Najeriya na da masu ƙera gem, irin su Maliyo Games a Legas tun 2012, kuma kayan aikin yanzu kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya ta isa a fara. Wanda zai yi jerin wasan tsoro domin wannan yanki, a ganina hanyar Cawthon ta fi ta Capcom dacewa da shi: ƙarami, na waya, mai aiki ba data, a rarraba shi zango-zango kamar yadda fina-finan Izzar So da Labarina suka sabar wa masu kallo da jiran ci gaba. Wurin labari ba ya wahalar samu: tsofaffin taragun da ke kwance a tasha, gidajen ma'aikatan dogo da aka bari, ramukan kuza, ƙarar ruwan Matsirga da dare. Abin tsoron ya zama wanda ba shi da kabila, ba ya kuma ɗauke da makamin da mutane suka gani da idonsu.

Ɗanɗanon ya fita kyauta a tsakiyar Nuwamba, ta hannun masu tura fina-finai da masu gidajen gem, a bar shi ya bi Xender yadda ya ga dama, da Hausa da Turancin buroka a bakin 'yan wasan. Zangon farko ya biyo a mako na biyu na Disamba, kafin 'yan birni su iso, domin su tarar ana maganarsa, su koma da shi a wayoyinsu a Janairu. Na biyu ya jira Sallah ko Ista, duk wadda ba ta faɗa cikin azumin ɗaya ɓangaren ba. Kuɗin shiga kuma a nemo shi inda yake, wato wurin mai shago da ke karɓar kuɗin awa, ta hanyar ba shi cikakken zangon mako guda kafin kowa.

Ranar kuwa kada a buga ta a fosta da wuri. A ce "wannan hunturun", a ajiye ainihin ranar sai saura mako, bayan an tambayi direbobin Kagoro da Zonkwa da Gidan Waya yadda hanya take, an kuma ji ko mutanen ƙauyuka a gidajensu suke kwana.